Wai kifin Yawuri ƙarewa ya yi ne? Mutanen bakin tafki ku fito

Hajiya Mai Banda:
Slm 'yan gida. Dan Allah mutanen Yawuri da Warra da ke cikin zauren nan ku fito ku faɗa mana gaskiya, me ya samu kifinku? Bandar da ake kawo mana Kano yanzu in kika buɗe kwali sai ki rasa abin cewa, tarwaɗa duk 'yan ƙanana, ragon ruwa sai an tona har ƙasa kafin a ga guda ɗaya, giwan ruwa kuwa na manta rabon da in sa ta a ido, ga kuɗi kullum gaba yake yi. Masu saye ni suke yi wa faɗa wai na canza hannu. Mai kawo min ya ce ruwan ne ba kifi, ni kuma na ce ruwa mai girman Kainji a ce ba kifi? Ko dai Anacha da Legas ake kai manyan mu a turo mana ragowa?

Basarken Yelwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Mai kawo miki bai yi ƙarya ba. Kihi bai ƙare ba amma manya sun yi wuya ƙwarai, mu da anka haifa cikin abin muna gani. Ragar kalli da baba ka sakawa da marece ya ɗebe da sahe ya cika jirgi, yanzu sai ka shimfiɗa ninkinshi ukku ka samo abin da bai biyan kuɗin mai. Kuma batun Anacha shi ma gaskiya na, in babba ya hito dillalan kudu na tsaye bakin ruwa da kuɗi a hannu, wa za ya jira Kano?

Bazazzagi:
Hhhh Hajiya ai kun saba, Bakano ya fi son araha, to ga araha nan an ba ku

Hajiya Mai Banda:
Kai dai bawanmu yi mana shiru manya na magana, me Zariya ta sani a kifi banda na gwangwani

Baba Na Busa:
Assalamu alaikum. Bari in sa baki tunda na yi shekaru ina yawon ƙidayar kifi a mashigan tafkin nan kafin in yi ritaya. Hajiya abin da kike gani yau ba yau ya faro ba. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama aka tare ruwa a 1968. Da ruwa ya hau ya shanye daji da gonaki da ciyayi, duk suka ruɓe a ƙasa suka zama abinci, kifi ya yi ta haihuwa babu ƙaƙƙautawa. A 1971 abin da aka kama ya kai wajen tan dubu 28. Labari ya bazu, masunta suka yi ta kwararowa daga ko'ina. To wannan ƙoshin na ɗan lokaci ne, ruɓaɓɓen daji ba ya dawwama, kafin 1978 kamun ya faɗo ƙasa da tan dubu 5. A shekarun 1990 lissafi ya sake tashi sama sosai, amma in ka duba me ya ɗaga shi sai ka ga mafi yawa warangi ne, wato ɗan mitsitsin kifin nan da ake shanyawa a rana. Kuma da me ake kama warangi? Da dala. Nan gizo ke saƙa.

Maman Sadik Warra:
Yauwa Baba, gara da ka faɗi sunanta. Dala ce ta kashe ruwan nan ba komai ba.

Baba Na Busa:
Ga waɗanda ba su sani ba, dala doguwar raga ce da ake zagaye ruwa da ita a jirgi sannan ƙarti su tsaya a gaɓa su ja ta waje, idonta bai fi na gidan sauro ba. Mai dala zai ce maka shi warangi yake nema, amma raga ba ta tambayar suna, 'ya'yan karfasa da na giwan ruwa da na falia da ba su kai tsawon yatsa ba duk tare take kwaso su, a baza a rana a auna a mudu. Ɓarna biyu kenan, an kwashe 'ya'yan manyan kifi, an kuma kwashe abincin da manyan ke ci, don giwan ruwa da tsage warangin nan suke farauta. Lokacin aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus a shekarun 1990 an zauna da sarakunan ruwa da masarautun Yawuri da Borgu da Kontagora, aka yi doka aka hana dala, aka fara ba masunta lasisi, har an ƙona wasu ragogin a gaban jama'a. Ta ɗan lafa. Da aikin ya ƙare masu sa ido suka rasa ko man jirgi, sai ta dawo.

Basarken Yelwa:
Baba ina girmama ka wlh amma kullum in anka zo wagga magana Basarke ɗai aka kama. To masu zuba magani a ruwa fa? Masu noman gaɓa da ka fesa maganin ciyawa ruwa ya wanke ya kai cikin tafki fa? Masu wankin zinari? Kuma mutanen da ka cin abinci a ruwan ga yanzu sun ninka na zamaninku sau nawa? Wanda ɗan ta'adda ya koro daga ƙauyensu bai da gona bai da shanu, bakin ruwa ya ka zowa ya nemi wanda za ya ja ma raga a ba shi na tuwo. Dala guda tana ciyar da gida goma ko fi. Kun ce a aje, to a ɗauki mi?

Baba Na Busa:
Duk abin da ka lissafa gaskiya ne ɗana, ban cire ko ɗaya ba. Amma mai feshi ba shi da asara in kifi ya ƙare, kai ke da ita.

Ɗan Gungu:
Ni dariya ma kuke ba ni da kuke kukan kifi. Ku Sarkawa ai tafkin nan riba kuka ci, an faɗaɗa muku gona. Mu Gungawa mu aka yi wa illa. Kakannina a kan tsibiri suke a tsakiyar Kwara, ƙasa mai laka wadda ruwa ke sabunta ta duk shekara, suna noman albasa da rani da shinkafa da gero, su yi su ɗan kamun kifinsu na miya. Albasar Yawuri da ake ji har kudu daga gungunan nan take fitowa. Rana ɗaya aka ce ku kwashe ruwa na zuwa. Mutum wajen 44,000 aka tayar a faɗin yankin, har da garin Busa ɗungurungum da fadar sarkinsu, shi ya sa yau ake cewa Sabuwar Busa. Aka gina musu gidajen bulo masu lanƙwasasshen rufin asbestos a kan tudu, kakata har ta rasu tana cewa ɗakin gwamnati, ba ta taɓa ce masa ɗakina ba, da rana zafi da dare sanyi, ba a yi lissafin mai mata biyu ko inda za a kafa rumbu ba, sai da mutane suka yi ta gina ɗakunan ƙasa a gefe suka bar na bulon ga awaki da ajiyar hatsi. Ƙasar tudun kuma ba irin ta gungu ba ce. Kaburburan kakanninmu suna ƙarƙashin inda kuke jan dalar nan.

Hajiya Mai Banda:
Allah sarki. Wlh ban taɓa sanin haka ba, ni dai na san Kainji wuta.

Ɗan Gungu:
Wutar ma Hajiya ai sai a hankali. Injinan da aka kafa na megawat 760 ne, amma zo ki zaga ƙauyukan da aka tayar saboda ita ki ƙirga nawa ke da falwaya. A shagon mai janareta muke cajin waya muna kallon ruwan da ake yin wutar da shi.

Basarken Yelwa:
Nan kam muna tare da kai Bagunge. Amma batun riba ka rage, tsohon kogi ya fi daɗin kamu inji tsohhinmu, sun san kowane gurbi da kowane dutse, da anka yi tafki sai da sunka koma ɗalibai.

Bazazzagi:
To ni fa duk wannan labarin sai ya sa min sha'awar zuwa. Tsakani da Allah akwai abin gani? In na samu hutu in ɗauko iyali mu zo mu sha iska, wane lokaci ya fi?

Maman Sadik Warra:
Akwai mana. Amma ka cire ran ganin wurin shaƙatawa irin na talabijin da kujeru da lema, ba mu da shi. Abin ganinmu rayuwar ce kanta. Ka yi asubanci ka je bakin ruwan Yelwa bayan sallah ka ga jirage na shigowa ɗaya bayan ɗaya, mata da kwanoni sun shiga ruwa har gwiwa ana ciniki da ihu, can gefe hayaƙin banda ya tashi, masu gyaran raga sun baje a ƙarƙashin bishiya, kafintocin jirgi na buga ƙusa suna toshe kafa da auduga, ga manyan kwale kwale masu inji ana loda musu buhunan shinkafa da albasa da babura har da shanu za a haye da su. Ka sa a soya maka karfasa nan take da yaji da albasa, bayan nan ba za ka ƙara kallon kifin firiza ba. In ka ƙarasa Zamare nan ake hayewa zuwa Rofiya a ɓangaren Neja, ranar kasuwa wurin ba masaka tsinke.

Baba Na Busa:
Game da lokaci, ruwan nan sau biyu yake cika a shekara kuma wannan na cikin abin mamakinsa. Akwai farin ruwa, shi ne na damunarmu, yana zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba da laka a cikinsa daga gulbin Sakkwato da sauran rafuka. Sai baƙin ruwa, wanda ruwan sama ne da ya sauka tun can tsaunukan Gini, ya ratsa Mali ya yi watanni yana yawo a fadamun can ya zubar da lakarsa, ya biyo ta Yamai, ba ya iso mana sai wajen Disamba zuwa Fabrairu. Kana tsakiyar hunturu ko ɗigon ruwan sama babu amma kogi na ƙaruwa, garau da shi. Daga nan sai tafki ya yi ta ja da baya har farkon damuna, wurin da ka bi a jirgi a Janairu sai ka same shi gonar wani a Mayu. Masu noman gaɓa bin ruwan suke yi yana ja suna shuka, Fulani kuma su sauko da shanu saboda ciyawar burgu. In kallo kake so ka zo lokacin baƙin ruwa, tafki a cike, ga tsuntsaye, zalɓe da balbela da dinya da kirinjijiya garke garke. Sai dai hazo na rufe gaɓa, iskar hunturu kuma na tayar da igiyar ruwa a inda tafkin ya yi faɗi, tsawonsa fa ya haura kilomita 130, akwai inda ba ka hango ɗaya gaɓar.

Ɗan Gungu:
Ka daidaita zuwanka da bikin Rigata kawai, shi ma a irin wannan lokacin ake yi. Tseren jirage, ninƙaya, kaɗe kaɗen Gungawa da Sarkawa da Kambari, jirage an yi musu ado kowane gari da nasa. Asalinsa daga jarumtar mutanen ruwa ne lokacin da ake fita farautar dorina da yaƙi a kan kogi. An daɗe ba a yi ba sai Mai Martaba Sarkin Yawuri Dr. Muhammad Zayyanu Abdullahi ya tsaya aka farfaɗo da shi. Kowa Argungu ya sani, alhali namu a kan uwar ruwa ake yi.

Bakabe:
A'a Ɗan Gungu tsaya nan, kada ka haɗa Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin Argungu, da wasan yara. Bikinmu UNESCO ta san da shi tun 2016

Ɗan Gungu:
Ruwan da ake hana kamu shekara guda a tara kifi saboda baƙi? Mu kullum Rigata muke

Baba Na Busa:
To ka ga ka faɗi maganin da bakinka ba ka sani ba. Me ya sa ake fitar da manyan giwan ruwa a Matan Fada? Saboda Sarkin Ruwa ya hana taɓa wurin, kifi ya samu ya girma. Abin da muke roƙo a yi a wasu sassan tafkin kenan.

Bazazzagi:
Gandun dajin fa? Na ji ana cewa akwai namun daji

Baba Na Busa:
Gandun dajin tafkin Kainji, an haɗa dajin Borgu da na Zugurma aka kafa shi a 1979, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,000. A da kana kwana a sansanin bakin kogin Oli, da safe a zaga da kai ka ga gwanki da kanki da mariya da gwaggon biri, dorina na wanka. Amma yanzu kada ka kuskura, 'yan bindiga sun yi sansani a ciki shekarun nan, mutanen ƙauyukan gefen ma a tsorace suke. Ka tsaya cikin gari. In tarihi kake so, a guraben duwatsun tsohuwar Busa ne Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806 bayan ya wuce ta Yawuri, a 1830 wasu 'yan uwa biyu Turawa, su Lander, suka zo har wurin Sarkin Yawuri neman takardunsa. Wurin da abin ya faru dai yana ƙarƙashin ruwa, ba abin da za a nuna maka.

Bakabe:
Kuma ka biyo ta Sakkwato, Jega, Koko. Ya fi nisa amma kar ka ce za ka yanke ta Birnin Gwari da Tegina da iyali a mota. Ka tambayi direbobin tasha halin hanya ana gobe tafiya, kuma kada dare ya yi maka

Maman Sadik Warra:
Ni roƙona ɗaya, in ka zo kada ka sa 'ya'yanka a jirgin da ba rigar ruwa, ko mai jirgin zai yi fushi ya yi. Mu mutanen Warra ba za mu manta 26 ga Mayun 2021 ba. Jirgi ya taso daga ɓangaren Neja da mutum sama da 150, ga kaya ga babura, ya rabe a tsakiyar ruwa, waɗanda aka ceto da rai 20 ne da 'yan kai. Kwana da kwanaki ana tsamo gawa ana jerawa, yawanci mata da yara da 'yan kasuwa, akwai gidan da aka yi zaman makokin mutum huɗu lokaci guda. Har yau in na ji ƙarar injin jirgi da dare gabana faɗuwa yake. Kuma dajin nan da Baba ya ce ruwa ya shanye, itatuwan ba a sare su duka ba, kututturansu na nan tsaye a ƙasa, in ruwa ya ja baya suna dab da sama ba ka ganinsu sai jirgi ya hau.

Hajiya Mai Banda:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansu Ya sa sun yi shahada

Ɗan Gungu:
Amin. Hukumar HYPPADEC mai raya yankunan madatsun samar da wuta ta raba rigunan ruwa bayan nan, an kuma hana tafiyar dare, amma je ki bakin ruwa ki gani, rigar na rataye ko an yi matashi da ita. Wani in ka ce ya sa sai ya ce kana yi masa fatan mutuwa ne.

Basarken Yelwa:
Mai jirgi shi ma lissahi ya ka yi, man da za ya sha zuwa da komowa in bai cika jirgi ba hasara ta. Ban ce daidai na ba. Kuma ku ƙara da dorina cikin lissahi, bana ta hana mutane sakat, ta shiga gonar shinkahwa dare guda ta share ta, in tana da ɗa kuwa ta kihe jirgi ba wani abu na ba gare ta. Da can Sarkawa ka hita da mashin zago su yi maganinta a raba nama gari duka, yanzu doka ta hana sai an kai ƙara an jira izini, kahin izini ya zo ta gama da gonar.

Maman Sadik Warra:
To ai ku kuka noma mata wurin kiwo. Duk gaɓar da take fitowa ta ci ciyawa da dare an mai da ita shinkafa, me za ta ci? Ayu ma da ake ba mu labari yara na yanzu ba su taɓa ganinsa ba, an cinye

Bazazzagi:
Ni dorinar ma nake so in gani wlh

Basarken Yelwa:
Daga nesa dai malam, in ka ga kunnuwa biyu sun ɓullo kada ka ce ma mai jirgi ya matsa ka ɗauki hoto

Hajiya Mai Banda:
To yanzu ni ina mafita? In koma kifin kududdufi na gidan gona kenan? Masu saye suna ganewa fa, bandarsa ba ta da ƙamshin na kogi kuma mai ya yi masa yawa

Baba Na Busa:
Mafita sananniya ce Hajiya, cibiyar binciken kifi ta ƙasa tana nan Sabuwar Busa shekara da shekaru tana faɗa. A ware wuraren da kifi ke ƙwai a hana taɓa su, a tsayar da kamu na 'yan watanni lokacin haihuwa, kalli kada idonsa ya gaza inci 3, warangi a kama shi a tsakiyar ruwa da ragar atalla ba a gaɓa inda 'ya'yan kifi ke fakewa ba. Kifin nan yana da saurin dawowa in an ɗaga masa ƙafa, karfasa cikin shekara ta isa haihuwa. Abin da ya gagara shi ne ruwa ɗaya jiha biyu, Kebbi ta hana Neja ba ta hana ba ko Neja ta hana Kebbi ta yi shiru, mai dala ya tsallaka kawai. Ku ma 'yan kasuwa kuna da hannu, muddin kuna sayen ƙanana za a kamo muku su.

Hajiya Mai Banda:
Baba in na ƙi saye maƙwabciyata za ta saya, ni in rufe shago

Ɗan Gungu:
Basarke tambaya ɗaya tsakaninka da Allah, tun ɗazu kana zagaye zagaye. Gidanku akwai dala ko babu?

Basarken Yelwa:
Mi ya kawo wagga tambaya kuma

Ɗan Gungu:
Amsa dai

Basarken Yelwa:
Biyu. Guda ta yayana guda ta haɗin gwiwa da ƙanen baba, bashi anka ci anka ɗinka ta kuma ba a gama biya ba. Ranar da na Malale da na Shagunu can ɓangaren Neja sunka tara nasu a hili anka sa wuta ina gani, wlh ni da kaina zan ɗauko namu in kai. Amma ba mu aje ba mu zauna muna kallo wani ya zo daga haye ya ja a gaban gidanmu.

Maman Sadik Warra:
Su ma can abin da suke faɗa kenan, wai sai na Yawuri sun fara